Ganyen Moda da Kunnen Yaya Malam

Da sunan Allah Mai rahama, wanda Yake saukar da cuta, Ya saukar da sauƙinta a lokacin da Ya ga dama. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabinmu da alayensa.

Wannan labarin jinyar yayana ne, Malam Abubakar, wanda muke ce wa Yaya Malam. Da ajami na fara rubuta shi kamar yadda hannuna ya saba, daga baya na mayar da shi boko don ya isa ga kowa. Dalilina shi ne, a ƙauyukanmu na wajen Kara da wuya ka sami gidan da babu moda a bayan danga, kuma ban ga gidan da ya fi ƙarfin abin da ya same mu ba.

Yaya Malam alaramma ne, aikinsa sauraro. Gardawa suna zuwa daga nesa su zauna a zaurensa suna tilawa, shi kuwa yana kishingiɗe ido a rufe kamar mai barci. Mutum ya taƙaita madda ko ya sassauta shadda, sai ka ji ya yi gyaran murya. Ko mutum uku ke karatu lokaci ɗaya, ya san bakin da ya kauce. Gonarsa 'yar kaɗan ce. Da kunnen nan yake ci da iyalinsa, da shi aka san shi.

Modar da nake nufi ba ta bakin randa ba ce, tsiron nan ne mai ganye a miƙe kamar takobi, mai kauri, da ratsin kore da fari-fari irin na bayan maciji. Ba ta da kara ko reshe. Saiwarta ce ke rarrafe a ƙarƙashin ƙasa tana ɓullo da sabon ganye nan da can. Rani ba ya kashe ta, awaki ba su damu da ita ba, takan fito da kanta a gindin tsamiya ko a jikin suri. Sai an daɗe take yin fure, fari mai ƙamshi da yamma, ya bar 'ya'ya jajaye. Mahaifinmu ne ya shuka tamu a iyakar gidanmu ta gabas, yana cewa maciji ba ya ƙetare ta. Maharban da suna kankare ganyenta su fitar da zare su yi tsirkiyar baka. Tsofaffi suna dafa saiwar don basir da tsutsar ciki, suna gasa ganyen su matse ruwan a kan gyambo ko a kunne mai ciwo. Duk da wannan muka tashi, ba mu taɓa kallonta da wani ido ba.

Ciwon ya fara da tsakiyar damina, a kunnen hagu. Ƙaiƙayi ne da farko, ya riƙa sosawa da gashin kaza. Kafin mako ya zagayo ya koma zugi, har yakan dafe gefen kansa a tsakiyar karatu. Na je wurin mai kemis na karɓo ƙwayoyi da maganin ɗigawa. Zugin ya ɗan lafa, sai ruwa ya fara fita, rawaya, mai wari.

A mako na biyu Goggo ta iso daga Garo a bayan babur, da ƙunshin kayanta a cinya. Goggo Tabawa ƙanwar mahaifinmu ce. Ita ta raine mu bayan rasuwar mahaifiyarmu, lokacin ni ko yaye ba a yi mini ba. Ba ta kama sunan Yaya Malam, domin sunan mahaifinta ne, sai dai ta ce Mai-sunan-Baba. Ni kuwa har na yi furfura Auta nake a bakinta.

"Auta, haka kuka bar mini shi? Kai da matarsa kun zuba ido kuna ba shi 'yan duwatsun kemis?"

Na ce, "Goggo, asibiti za mu kai shi."

"Ku kai shi mana. Ai ban hana ba."

Muka je asibitin da ke kusa da mu. Mun fita bayan sallar asuba, amma muka tarar da layin yankar kati ya kai bakin ƙofa. Mara lafiya a tsaye, mai jinya a tsaye, benci ɗaya ne kuma ƙafarsa a karye. Sai bayan azahar muka ga likita, saurayi ne sa'an ɗan Yaya Malam na fari, ga alamar gajiya a idonsa, amma ya gaishe mu da ladabi, Allah Ya saka masa. Ya haska kunnen, ya goge, sannan ya tambaya.

"Malam, an zuba wani abu a kunnen nan ban da na kemis?"

Yaya Malam ya ce, "A'a."

Ni ma na gyaɗa kai, domin iyakar sanina ke nan. Likita ya rubuta wasu magungunan, ya ce kada ruwa ya shiga kunnen ko wajen alwala. Buhun masarar da muka ajiye don ƙarshen damina ya tafi a nan.

Ni na ɗauki ba da maganin, safe da yamma, da hannuna. Da hantsi kuma sai in zauna a zaure in riƙe wa gardawa karatu gwargwadon iyawata, don kada su watse. Amma kunne bai bushe ba. Da safe in goge shi tas in sa auduga, kafin la'asar in tarar da audugar a jiƙe sharkaf. Sai zuciyata ta fara zargin maganin. Na ce ko jabu aka sayar mana. Na tafi har cikin Gwarzo na sayo irinsa a wani shago, na jera kwalayen biyu ina duba rubutunsu da launinsu kamar mai duba bambancin kwafin littafi. Ban ga bambanci ba. Sabon ma bai yi komai ba. Daga nan na koma zargin likitan, na ce yaro ne, a kanmu yake koyo.

'Yan dubiya kuwa kowa da nasa. Wani ya ce ruwan albasa, wata ta ce man kaɗanya da ɗumi, wani ya kawo wani baƙin mai a kwalbar turare ya ce daga Makka aka zo da shi. Ina karɓa in yi godiya in tura ƙarƙashin gado. Rubutu dai mun yi, ya sha, mun kuma yi addu'a, wannan ba mu taɓa bari ba.

Wata safiya, wajen wata guda da farawa, na kai masa koko, ya kurɓa, sai na ga yana zubowa ta gefen baki. Bakin ya karkace, idon hagu ba ya rufuwa. Ya yi ƙoƙarin karanta Fatiha, haruffan leɓe suka ƙi fita daidai. Ban taɓa ganin hawayen Yaya Malam ba sai ranar, kuma ban sani ba ko na kuka ne ko na idon da ya ƙi rufuwa.

Daga ranar maganar gari ta canja. Wasu suka ce iska ce ta mare shi. Wasu suka rage murya suka ce a dai bincika, malami irin wannan ba ya rasa mahassada. Ni da nake karantar da mutane cewa babu mai cutarwa sai da izinin Allah, sai ga ni ina kasa kunne.

A cikin kwanakin nan na zagaya bayan gida, na lura an yanki modar. Ba karya ta aka yi ba, yanka ne na wuƙa, a karkace, daga gindi. Wasu wuraren sun bushe, wasu ɗanyu ne. Kuma duk ta ɓangaren waje aka yanka, wanda ke fuskantar gonar maƙwabcinmu Ɗan'azumi.

Tsakaninmu da Ɗan'azumi akwai 'yar tsama, kuma a kan modar nan ne. Saiwarta tana ratsawa ta ɓullo a cikin kunyarsa ta farko, shi kuma duk shekara sai ya yi magana. Bara har ya ce wa Yaya Malam, "Malam, wannan abin naku fa ba ya jin magana, kuma masu shi ma ba sa ji." A lokacin dariya aka yi. Yanzu da kalmar ta dawo mini, sai na haɗa ta da kunnen Yaya Malam. Na ce me zai sa mutum ya riƙa yankar shukar mahaifinmu a ɓoye, in ba wani abu ake haɗawa da ita ba?

Washegari sai ga shi ya zo dubiya da ƙwan zabi a ƙwarya.

"Malam Ilu, ya mai jiki? Ya ƙarfin hali? An ce har baki ya taɓu?"

"Wa ya ce?"

"To, gari ne."

"Da sauƙi," na ce, ban matsa daga bakin ƙofa ba. "Yana barci."

Ya miƙo ƙwaryar. Na karɓa, na yi godiya. Da ya tafi na kai ƙwan bayan gida na binne. Na riƙa fakon shingen modar bayan sallar asuba, ina laɓe da carbi, ban ga kowa ba. Amma in na dawo da la'asar sai in ga sabon yanka.

Allah da ikonSa, wata rana da hantsi hadari ya taso, gardawa suka nemi izini su je su kwashe shanyar barkono. Na shigo cikin gida a lokacin da ban saba shigowa ba. Tun daga tsakar gida na ji wani ƙauri, irin na ɗanyen ganye a wuta. A bakin murhu ga ganyen moda a kan garwashi ya yi laushi. Na ɗaga labulen ɗakin Yaya Malam. Goggo na zaune a kan tabarma ta miƙe ƙafa, kansa yana kan cinyarta, audugata tana gefe. Ta murɗe ganye kamar mai matse wanki, ruwan yana ɗiga a kunnen, bakinta yana motsi da addu'a. Dattijo mai furfura, ya lafe kamar jariri.

Goggo ba ta gan ni ba. Shi ya gan ni da idon nan da ba ya rufuwa. Ya ɗaga yatsa ɗaya daga kan tabarma, ya girgiza shi a hankali. Na saki labulen.

Da yamma, bayan ta shiga wurin matan gida, na zauna kusa da shi ta dama.

"Yaya, tun yaushe?"

"Tun ranar da ta zo."

"Kullum?"

"Kullum. Ta gabas take yankowa, wanda rana ta fara taɓawa. Kuma ba ta gaya wa kowa, ta ce magani in an yi masa surutu ba ya ci. Hajara ma Goggo ta hana ta faɗa." Hajara matarsa ce.

"To likita ya tambaye ka, ka ce a'a."

Maganarsa a lokacin da ƙyar take fita. "Ilu, matar da ta tauna abinci ta sa maka a baki. In zauna gaban yaron da na haifi kamarsa in ce ita ce? Na nemi gafarar Allah a kan a'ar nan. Amma ka faɗa mini yadda zan janye kaina daga cinyarta."

Ni ma da na ɗaga labulen ban iya cewa komai ba. Sai ya ƙara da abin da ya tsinka mini zuciya.

"Na daman ma ya fara ƙaiƙayi. Ta ce gobe za ta haɗa da shi."

Na fita na zauna a zaure. Na hagu dai na riga na san ya yi nisa, ko an yi magana ta nan sai ya juyo da kai. In na dama ya bi shi, zauren nan ya tashi ke nan. Ban san tabbas ko modar ce ke hana warkewa ba, ni ba likita ba ne. Amma an ce kada ruwa ya shiga, ga shi ana zuba ruwa kullum. Kuma in na tari Goggo da maganar, na san abin da za ta yi. Za ta ɗaure ƙunshinta ta koma Garo tana kuka, ta ce 'ya'yan da ta raina sun ce ita ta nakasa su, Yaya Malam kuwa ba zai yafe mini wannan ba.

Na sayar da ragon da nake kiwo, na samo mota. Da asuba na je na durƙusa a ƙofar ɗakinta.

"Goggo, birni za mu kai shi yau. Ina so ki raka mu, tafiyar nan tana son albarkar babba."

"Yau? Ba ka bari hantsi ya yi ba?"

"Mai mota ba zai jira ba."

Ta harare ni. "Auta, kai dai tun kana goye ba ka da haƙuri." Amma ta ɗauko mayafi. Ni kuma kafin mu fita na zagaya na yanko ganye ɗaya na sa a aljihun riga.

Babban asibitin birni wata duniya ce. Nan a ce ka je can, can a ce mai hatimi ya fita, ka biya kuɗi a wannan taga ka kai takarda waccan. An ɗebi jininsa, aka ce mu jira. Muna zaune a baranda sai Goggo ta zungure ni da gwiwar hannu. A bakin ƙofar likita ga moda a cikin tukunyar siminti, an goge ganyenta yana ƙyalli.

"Ka gani ko? Ga ta nan su ma sun shuka. Da ita suke haɗa wanda suke sayar muku a kwalba, ku kuna ta sayar da raguna."

"Ado ne, Goggo."

"Ado! Wa ya taɓa ado da moda?"

Likitar kunne mace ce, babba, mai magana a hankali. Ta duba, ta daɗe tana dubawa. Kafin ta yi tambayar da na san za ta yi, na ciro ganyen na ajiye a kan teburinta.

"Likita, a wajenmu ana gasa wannan a ɗiga a kunne. Na ce in tambaya, ko za mu iya gwadawa?"

Ta kalli ganyen, ta kalle ni, ta kalli Yaya Malam da ya sunkuyar da kai, sannan ta kalli Goggo. Ba ta tambayi kowa komai ba. Ta ce, "Ni ma kakata ta ɗiga mini shi ina yarinya. Inna, taso ki ga wani abu, ke ce babba."

Ta sa wata 'yar fitila mai baki kamar mazurari a kunnen dama, ta ce Goggo ta leƙa. "Kin ga wani farin abu can ciki kamar fatar ganga? Dodon kunne ke nan, lafiyarsa ƙalau." Ta juya shi ta sa a na hagu. "Yanzu fa?"

Goggo ta leƙa, ta ɗago, ta sake leƙawa. "Babu. Rami ne."

"Ya huje. Duk abin da aka ɗiga, ko ruwan randa ne, ciki yake wucewa, ciwon ya sami abin sha. Ga shi jininsa ya nuna yana da ciwon suga, mai suga kuwa ciwo ba ya saurin barinsa, har ya kai ga jijiyar fuska. Inna, kunnen nan bushewa yake so. Na daman kuma a ƙyale shi, ko tsinke kada ya shiga."

Wannan kalma, bushewa yake so, ita ce ta zauna mini har yau. Goggo ta ja da baya. Ta koma ta zauna, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

Aka ba shi gado. Makonni muka yi, allura ta jijiya safe da yamma, ga ta suga, daga baya aka yi masa aiki a bayan kunnen aka kwashe abin da ya ruɓe. Na kwana a baranda a kan kwali, sauro ya ci rabonsa. Akwai ma'aikaciyar da in ka tambaye ta abu sai ta amsa kamar ka zage ta, akwai kuma wadda ta riƙa kawo wa Yaya Malam ruwan ɗumi na alwala ba wanda ya sa ta. Gardawa suka yi karo-karo, 'yan'uwa suka kawo abin da ya sawwaƙa, keken ɗinkin Hajara ya tafi. Wata Juma'a sai ga Ɗan'azumi da kwanon abinci, ya biyo motar kasuwa tun daga gida. Na rasa inda zan sa idona. Na raka shi har bakin titi ina ta godiya, har ya ce, "Malam Ilu, lafiya? Tuwo ne fa kawai."

Da muka dawo gida, na ɗauko fartanya zan tone modar. Yaya Malam ya hana. Ya ce shukar mahaifinmu ce, kuma ko na tone sai ta sake fitowa. Goggo kuwa ba ta koma Garo ba. Ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinsa, duk wanda ya zo dubiya sai ya bi ta kanta.

"Me ke cikin kwalbar nan, Malam? Kawo nan. Kunnen Mai-sunan-Baba bushewa yake so. Ni na leƙa da idona, kai ka leƙa?"

Ba ta taɓa cewa ta yi kuskure ba, mu ma ba mu taɓa tayar da maganar ba. Abin da take faɗa shi ne moda ba ta da laifi, ta warkar da kunnuwa da yawa a Garo, wannan ne dai ya zo da ƙofa a buɗe. Wataƙila gaskiyarta. Likitar ma ba ta ce modar ce ta huda shi ba. Abin da na sani, da an faɗa wa likitan farko gaskiya, da mun isa birni kafin baki ya karkace.

Kunnen hagu ya tafi, ba ya jin komai. Bakin ya dawo sai ɗan kaɗan. Na dama Allah Ya tsare shi. Yaya Malam ya koma zaure, amma ya daina rufe ido. Yakan zauna ya ba gardawa gefen dama, ya sa tabarau yana kallon leɓunansu, mutum ɗaya a lokaci ɗaya. Tabarau ɗin yana yi masa yawa, da ya sunkuya kan allo sai ya faɗo.

Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba. Kullum sai na zagaya bayan gida na duba shingen. Bayan an yi girbi, wata rana na tarar da sabon yanka, ɗanye, a karkace, ta gabas. Na shigo da sauri, na duba murhu, babu komai a kan garwashi. Goggo na gindin bango, ta kwantar da ganyen a kan turmin da ta kifa, ta kankare shi da bayan wuƙa har farin zaren ya fito, tana murza shi a cinya.

Ba ta ɗago ba. "Auta, ka gama zagayen naka? Kullum ina ganinka, kamar mai gadin gonar rake. Je ka karɓo mini tabarau ɗin Mai-sunan-Baba in gwada tsawon."

Igiyar tana wuyansa har yanzu. Jiya ina wucewa ta zaure, wani gardi yana karatu can kusa da ƙofa, ya taƙaita madda. Na tsaya. Sai na ji gyaran murya.

Wanda duk likita ya tambaye shi me aka sa, ya faɗa, ko da hannun wa aka sa. In bakinsa ya yi nauyi, ya ɗauki ganyen ya ajiye a kan tebur. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa waɗanda suka raine mu da Aljanna, Ya yafe mana zaton da muka yi wa bayinSa. Amin.